Tsohuwar Fadar Da Holan Ta Ƙi Rabuwa Da Ita

Yawancinmu mun san Holan ne ta kasuwa. Atamfar nan da ake kira Holandis, wadda lefe ba ya cika sai da ita, daga garin Helmond take fitowa, inda kamfanin Vlisco yake tun 1846. Masu sauraron labaran duniya kuma sun san birnin Hague ta kotu, domin can ne Kotun Duniya ta yanke hukuncin da ya ba Kamaru yankin Bakassi a watan Oktoba na 2002, can ne kuma kotun hukunta manyan laifukan yaƙi take da zama. Amma kotunan nan baƙi ne a garin. Mai masaukinsu wani tsohon rukunin gine-gine ne na jan bulo a bakin tafki, sunansa Binnenhof. Saboda shi garin ya kafu, kuma daga cikinsa aka yi ta juya al'amuran ƙasar sama da shekara 400.

Wanda ya saba ganin majalisun dokoki masu ƙubba da dogayen matakala da makeken fili, irin waɗanda ke cika wa mai zuwa ido tun daga nesa, zai iya wuce Binnenhof bai ankara ba. Gine-ginen a cunkushe suke, kowanne da zamaninsa, an yi ta jingina sabo a jikin tsoho tun daga ƙarni na 13 har ƙarshen na 20. Ana shiga ta ƙofofi masu baka, a faɗa wata tsakar gida da aka shimfiɗe da bulo, a tsakiyarta ga wani dogon zaure mai hasumiya biyu wanda baƙo kan ɗauka coci ne. Shi ne Ridderzaal, zauren jarumai. Zauren majalisar dattawa yana gefe ɗaya, na wakilai yana ɗaya gefen, can a kusurwa kuma, a bakin ruwa, akwai wata 'yar hasumiya mai kusurwa takwas wadda ta zama ofishin firaminista a 1982. Duk wanda ya tsaya a ɗaya gaɓar tafkin yana hango tagoginta. Kafin a rufe wurin domin gyara a 2021, tsakar gidan nan hanya ce ta kowa. Ma'aikaci mai yanke zuwa tasha, 'yan makaranta da malaminsu, masu yawon buɗe ido, duk ta nan suke ratsawa, ministoci kuma suna shigowa a ƙafa 'yan jarida na tare su da tambayoyi. Mark Rutte, wanda ya riƙe firaminista daga 2010 zuwa 2024, ya sha zuwa aiki a kan keke, kuma a kan keke ya bar wurin ranar da ya miƙa mulki.

Hoton keken nan ya zaga wayoyinmu, ana tura wa juna ana cewa ga shugabanci. Ina cikin masu sha'awarsa, sai dai ina ganin an tsaya a keke an bar abin da ya haifi keken. Tilasta wa mulki aka yi ya sunkuyar da kai a ƙasar nan, kuma an ɗauki ƙarnoni ana yi, an zubar da jini a hanya, a wannan tsakar gida da bakin ƙofarta. A nan ɗin kuma aka sa hannu a takardun da suka ba 'yan kasuwar ƙasar damar cinikin mutane a gaɓar Afirka. Mai ziyara ya kamata ya tafi da labaran biyu a ransa, in ba haka ba bulo kawai zai kalla ya dawo.

Asalin wurin masaukin farauta ne. A wajajen 1230 basaraken yankin Holland, Floris na Huɗu, ya sayi fili a bakin tafki, tsakanin tuddan rairayin bakin teku da daji. Ɗansa Willem na Biyu, wanda aka naɗa sarkin Jamusawa a 1248, ya fara gina fadar da za ta dace da sabon matsayinsa. Bai ga ƙarshenta ba: a hunturun 1256, yana yaƙi da mutanen Friesland ta yamma, ƙanƙara ta fashe da dokinsa, aka kashe shi a wurin. Ɗansa Floris na Biyar ne ya ƙarasa babban zauren a wajajen 1280. Hague kuwa ta taso ne daga gidajen fadawa da barori da masu sana'ar hannu da suka yi sansani a gefen fadar.

Garin bai taɓa samun ganuwa ba, bai kuma samu takardar 'yancin birni irin ta Dordrecht da Haarlem da Leiden ba, don haka ba shi da kujera a majalisar lardin Holland, lardin da sunansa ya rufe ƙasar duka a bakin mutanen waje. Wannan rashi ne ya zame masa alheri. Lokacin da larduna suka yi wa Sarki Philip na Biyu na Sifen bore, yaƙin da ya ɗauki shekara 80 daga 1568 zuwa 1648, a Hague ne wakilansu suka fitar da takardar ranar 26 ga Yuli, 1581, suka warware mubaya'arsu. Hujjarsu ita ce an ɗora sarki ne domin talakawa, kamar makiyayi da garkensa, idan ya koma zaluntarsu to ya sauke kansa da kansa. Sun nemi wani sarkin a Faransa da Ingila abin bai yiwu ba, sai suka zauna a matsayin jamhuriya ta larduna bakwai, kowanne yana kishin ikonsa, kowane birni mai arziki yana tsoron kada maƙwabcinsa ya hau kansa. To a ina za a riƙa taruwa? Aka tsaya a tsohuwar fadar da ke garin da ba shi da ƙuri'a, wanda babu mai jin tsoronsa. Irin lissafin da ya kai Najeriya Abuja ke nan, a nemi wurin da babu babban da zai ce nasa ne. Har gobe kundin tsarin mulki ya ce Amsterdam ce babban birni, can ake rantsar da sarki, amma gwamnati da majalisa da kotun ƙoli da ofisoshin jakadanci duk suna Hague.

Majalisar lardunan ba ta san gaggawa ba. Kowane lardi ƙuri'a ɗaya gare shi, wakilai ba sa yanke magana sai sun koma gida sun ji ta bakin waɗanda suka aiko su, manyan al'amura kuma irin su yaƙi da sulhu da sabon haraji sai kowa ya yarda. 'Yan ƙasar suna son danganta wannan ɗabi'a ta zama a daidaita da ruwa: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da matakin teku, shingen da ke tare ruwa kuma ba ya tsayuwa sai kowane manomi ya gyara nasa ɓangaren. Akwai gaskiya a ciki. Ni dai na fi ganin hannun rashin yarda da juna, da kuma kuɗi, tunda lardin Holland shi kaɗai ke biyan fiye da rabin kuɗin tarayyar, attajiransa kuma ba su da niyyar miƙa jakarsu ga wani mai kambi.

Mai jiran kambin kuwa yana cikin gidan. 'Yan gidan Orange, dangin Willem wanda ya jagoranci boren, su ke riƙe da jagorancin soja, kuma suna zaune a wani sashe na Binnenhof, ƙofa da ƙofa da wakilan larduna. Tarihin jamhuriyar kusan duka ja-in-ja ne tsakanin waɗannan maƙwabta, sau biyu kuma abin ya kai ga jini.

Na farko shi ne na Johan van Oldenbarnevelt. Babban lauyan lardin Holland ne tun 1586, a aikace kuma wazirin ƙasar baki ɗaya sama da shekara 30. Shi ya riƙa samo kuɗin da Yarima Maurits na gidan Orange ya ci yaƙoƙi da su, shi kuma ya ƙulla tsagaita wuta ta shekara 12 da Sifen a 1609, wadda Maurits bai so ba. Ana cikin haka gardamar wasu malaman addinin Kirista biyu na jami'ar Leiden a kan ƙaddara ta yi ƙamari: shin Allah ya riga ya zaɓi wanda zai tsira tun fil azal, ko zaɓin mutum yana da tasiri? Gardamar ta fita daga aji ta shiga coci-coci, ta raba garuruwa, ta rikiɗe ta zama siyasa. Oldenbarnevelt ya tsaya a kan cewa kowane lardi ya ji da batun addininsa, ya kuma ba garuruwa izinin ɗaukar sojojin haya na kansu. Maurits ya ga raba masa runduna ake so a yi. A watan Agusta na 1618 aka kama dattijon a cikin Binnenhof, aka kafa masa kotu ta musamman mai alƙalai 24, cikinsu har da abokan gabansa. Ranar 13 ga Mayu, 1619, yana da shekara 71, ya fito yana dogara sanda zuwa wani dandamali da aka kafa a gaban zauren jarumai, ya ce wa jama'a kada su yarda cewa shi maci amanar ƙasa ne, aka sare masa kai. A ƙarƙashin ɗakin ibadar fadar aka binne shi, taku kaɗan daga zauren dattawa. Abokin tafiyarsa Hugo Grotius, wanda ake ƙirgawa cikin iyayen dokar ƙasa da ƙasa, ɗaurin rai da rai aka yi masa, ya tsere a 1621 a ɓoye cikin akwatin littattafai.

Na biyun ya fi muni. Johan de Witt ya jagoranci jamhuriyar daga 1653, zamanin da jiragen Holan suka cika tekuna, ya kuma yi iya yinsa ya hana 'yan gidan Orange komawa kan muƙaminsu. A 1672 Faransa da Ingila da bishop-bishop masu mulkin Münster da Cologne suka far wa ƙasar a lokaci ɗaya, garuruwa suka yi ta faɗuwa, jama'a suka firgita suka shiga neman wanda za su ɗora wa laifi. Aka zargi wansa Cornelis da shirya kashe Yarima Willem na Uku na gidan Orange, aka azabtar da shi a kurkukun Gevangenpoort da ke kallon Binnenhof daga tsallaken titi, bai amsa laifi ba, aka yanke masa hukuncin kora. Ranar 20 ga Agusta Johan ya je ya tafi da shi. Taron jama'a da dakarun unguwanni suka jawo su waje, suka kashe su, suka rataye gawarwakin suka yayyanka. Ba a hukunta kowa ba, wasu daga cikin jagororin ma lada suka samu daga baya. Kurkukun yana nan, ya zama gidan tarihi da kayan azabtarwarsa, mutum-mutumin Johan kuma yana tsaye a filin da ke gefensa.

Na tsaya a kan waɗannan biyun ne domin ana yawan ba mu labarin dimokuraɗiyyar Turai kamar da haƙoranta aka haife ta. Mutanen nan sun yi rikicin aƙida, sun yi shari'ar siyasa, sun yi wa manyan 'yan ƙasarsu taron dangi, duk a cikin tazarar da ba ta kai tafiyar minti biyar ba. Abin da na yaba musu shi ne ba su share wurin ba. Har zuwa rufe wurin a 2021, ɗan majalisa mai zuwa aiki yakan taka inda aka sare kan wanda ya fi shi yi wa ƙasa hidima.

Akwai kuma abin da aka daɗe ba a son tunawa. Majalisar lardunan nan da ta tuɓe sarki saboda zalunci ita ce a 1602 ta ba kamfanin kasuwancin gabas, VOC, izinin gina sansanoni da ƙulla yarjejeniya da yin yaƙi da sunan ƙasa. Oldenbarnevelt ne ma ya haɗa kamfanin. A 1621 ta ba takwaransa na yamma, WIC, irin wannan izini a kan gaɓar yammacin Afirka da nahiyar Amurka. Baƙon da ya gama kallon hasumiyar firaminista, in ya kau da ido kaɗan zai ga wani kyakkyawan gida dab da ita, Mauritshuis, inda ake bin layi domin ganin zanen Vermeer na yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u da zane-zanen Rembrandt. Mai gidan na asali, Johan Maurits, shi ne gwamnan yankin da WIC ta ƙwace a Burazil. Gonakin rake na can suna buƙatar masu aiki, don haka a 1637 ya aika jiragen yaƙi suka karɓe sansanin Elmina, a Ghana ta yau, daga hannun Fotugal. A tsawon zamanin cinikin, jiragen Holan sun kwashi 'yan Afirka kimanin 600,000 zuwa ƙetaren tekun Atlantika.

Elmina ta zauna a hannunsu har 1872. Ko bayan haramta cinikin, tsakanin 1831 da 1872 sun ɗebi maza kimanin 3,000 daga wannan gaɓa zuwa aikin soja a tsibiran Indunusiya, da yawansu mutanen arewa ne da aka kawo Kumasi a matsayin bayi, bisa yarjejeniyar da wakilin sarkin Holan ya ƙulla da sarkin Asante Kwaku Dua a 1837. Ita kanta atamfar Holandis jikar wannan mulkin mallaka ce, kwaikwayon rinin batik na tsibirin Java da aka mayar aikin inji. Da majalisar da ke Binnenhof ta amince a 'yanta bayi a Suriname da tsibiran Karibiyan daga 1 ga Yuli, 1863, kusan shekara 30 bayan Ingila, iyayen gijin aka biya diyya, gilda 300 a kan kowane mutum a Suriname. Waɗanda aka bautar ba su samu ko anini ba, a Suriname ma aka ƙara musu shekara 10 na aikin dole a gonakin a ƙarƙashin kulawar hukuma. Sai ranar 19 ga Disamba, 2022 Rutte ya nemi gafara da sunan gwamnati, Sarki Willem-Alexander ya bi bayansa ranar 1 ga Yuli, 2023. Neman gafarar ya zo da asusun Yuro miliyan 200 na wayar da kai, babu maganar diyya. Iyakar da suka gindaya wa mulki a gida ba ta taɓa shiga jirgi tare da su ba, kuma duk mai yabon Binnenhof da ya tsallake wannan bai yi wa zuriyar mutanen Elmina adalci ba.

Tsarin da ake gani yau daga 1848 ya samo asali. Jamhuriyar ta faɗi a 1795 da shigowar sojojin Faransa, bayan Napoleon kuma 'yan gidan Orange suka dawo, wannan karon da kambin gaske, a 1815. Sarki na farko ya yi mulki yadda ya ga dama. Da juyin juya hali ya kama biranen Turai a 1848, ɗansa Willem na Biyu ya tsorata, ya sa wani malamin shari'a na Leiden, Johan Rudolph Thorbecke, ya jagoranci gyaran kundin tsarin mulki. Jigon gyaran gajere ne: ba a tuhumar sarki, ministoci ke ɗaukar alhakin duk abin da gwamnati ta yi a gaban majalisa. Da jin farko sai a ce kariya aka yi wa sarki, alhali iko aka zare masa, domin ministan da ya san shi zai amsa tambaya ba zai sa hannu a abin da ba zai iya karewa ba. Ƙuri'a ta jima a hannun masu biyan haraji kaɗai. Dukan maza sun samu a 1917, mata a 1919.

Sau ɗaya a shekara ake nuna wannan tsari a bainar jama'a. Ranar Talata ta uku ga watan Satumba sarki kan taso daga fadar Noordeinde a cikin karusa, ya zo gaban majalisun biyu ya karanta jawabin manufofin shekara, wanda ministoci ne suka rubuta masa. Bayan ya tafi ministan kuɗi ya shigo majalisar wakilai da 'yar akwatin da ke ɗauke da kasafin kuɗi, al'adar da aka fara a 1947, washegari kuma a fara yi wa gwamnati tankaɗe da rairaya. Daga 1904 a zauren jarumai aka riƙa bikin. Kafin nan zauren ya sha wulaƙanci, an kasa littattafai a cikinsa ana sayarwa, an buga cacar gwamnati, har a ƙarni na 19 an yi tunanin rushe rukunin a gina sabuwar fada. Bayan gyara shi ne ya karɓi taron zaman lafiya na duniya na 1907, da taron 1949 da ya kai ga Holan ta saki Indunusiya bayan shekara huɗu ana yaƙi. Karusar zinariya da mutanen Amsterdam suka ba Sarauniya Wilhelmina a 1898 ita ta saba ɗauko mai sarauta, sai dai a jikinta akwai zanen baƙaƙen mutane da 'yan Indunusiya suna rusunawa suna miƙa kaya ga wata farar mace a kan gadon mulki. Bayan shekaru ana muhawara, a watan Janairu na 2022 sarkin ya ce ya ajiye ta sai ranar da ƙasar ta shirya. Ya yi daidai, kuma a ganina gidan tarihi ne wurinta, inda za a yi wa yara bayanin zanen.

Majalisar wakilai kujera 150 ce. Ta bar tsohon ɗakin rawar yarima a 1992 ta koma sabon zaure da aka manna a gefen rukunin. Babu mazaɓu irin namu. Ana haɗa ƙuri'un ƙasar duka a raba kujeru gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu, kashi ɗaya cikin 150 ya isa a shiga. Saboda haka tun 1918 babu jam'iyyar da ta taɓa samun rinjaye ita kaɗai. A zaɓen 2021 jam'iyyu 17 ne suka shiga, aka shafe kwana 299 kafin a rantsar da sabuwar gwamnati. Dattawa 75 ne, 'yan majalisun larduna ke zaɓensu, ba su da ikon gyara doka sai dai su karɓa ko su ƙi, yawanci sau ɗaya a mako suke zama, da yawansu kuma suna da sana'arsu a waje. Tsarin yana da cutarsa. Talaka ba shi da wani ɗan majalisa da zai nuna ya ce wannan nawa ne, gwamnatoci suna rushewa kafin wa'adi, manyan matsaloli irin na ƙarancin gidaje suna jira ana ta zaman sulhu. Amma a duba abin da ya faru a 2023. Jam'iyyar Geert Wilders, mutumin da ya gina siyasarsa a kan ƙyamar Musulunci da baƙi, ta zo ta ɗaya da kujera 37. Dole ya nemi abokan haɗaka uku, ya janye ƙudurorinsa na haramta Alƙur'ani da masallatai domin su saurare shi, duk da haka ba su haɗu a kan ya zama firaminista ba. Gwamnatin ba ta cika shekara ba ya fice, ta rushe a watan Yuni na 2025. Ga Musulmin ƙasar, kimanin mutum miliyan 1, nasarar tasa abin tayar da hankali ce wanda ba ya goguwa, amma wannan tsari mai jan ƙafa shi ya shiga tsakaninsa da hasumiyar.

Kada kuma sauƙin kan shugabanni ya rufe mana ido. A shekarun da ake yaɗa hoton keken, hukumar harajin ƙasar tana zargin dubun-dubatar iyaye da zamba a tallafin kuɗin rainon yara, tana tilasta musu mayar da dubban Yuro a kan ɗan kuskuren cike takarda, wani lokacin ma babu kuskuren. An ɗauki kasancewar mutum mai ƙasa biyu a matsayin alamar tuhuma, don haka bala'in ya fi faɗa wa 'yan asalin ƙasashen waje. Aure ya mutu, an rasa gidaje, bashi ya binne mutane. Majalisar ce ta yi tsauraran dokokin, babbar kotun harkokin mulki da ke maƙwabtaka da ita kuma ta yi shekaru tana tabbatar da su. Abin da ya tona asirin naci ne na wata lauya da 'yan jarida da 'yan majalisa ƙalilan, musamman Renske Leijten da Pieter Omtzigt, wanda jam'iyyarsa ma tana cikin gwamnatin. Rahoton binciken majalisa ya fito a Disamba 2020, gwamnati duka ta yi murabus ranar 15 ga Janairu, 2021. Bayan wata biyu jam'iyyar Rutte ta sake zuwa ta ɗaya a zaɓe, biyan iyalan haƙƙinsu kuwa ya ja shekaru.

A ƙarshen wannan shekara ta 2021 aka rufe rukunin. Ya lalace ƙwarai: rufi na yoyo, katako ya ruɓe, wayoyin lantarki sun tsufa, ga sinadarin asbestos mai cutar da huhu, ga fargabar gobara. A ginin da ke da ɗakuna kusan 4,000, wanda aka yi ta yi wa ƙari a kan ƙari kusan shekara 800, duk bangon da aka buɗe sai an tarar da abin da ba a zata ba. An fara da ƙiyasin Yuro miliyan 475 da shekara biyar da rabi. Kuɗin ya haura biliyan 2, ranar komawa kuma an ɗaga ta fiye da sau ɗaya. 'Yan majalisa sun yi ta nanata cewa gyaran ya kasance babu almubazzaranci, har aka rabu da mai zanen farko ta sashen wakilai a 2019 saboda ana ganin tsarinta ya yi alfahari. A ganina tsoron kada a ce sun gina wa kansu aljannar duniya yana cikin abin da ya sa aka bar ginin ya kai haka, jinkirin kuma ya ƙara tsadar. Batun da ya fi damuna dai shi ne tsaro. Tun kisan ɗan siyasa Pim Fortuyn a 2002 ƙasar ta canza. Wilders yana yawo da masu gadi tun 2004, barazana ga 'yan majalisa ta yawaita, a farkon 2022 ma wani ya je ƙofar gidan Sigrid Kaag, shugabar ɗaya daga cikin jam'iyyun gwamnati, da wuta a hannu. Jami'an tsaro suna da hujja in sun nemi ƙarin shinge. Amma idan bayan biliyoyin nan aka dawo da ginin da talaka zai riƙa leƙe ta bayan gilashi, zan ce an yi asara babba ko da kowane bulo ya koma mazauninsa.

Wanda ya je Hague a wannan tsakani ba zai ratsa tsakar gidan ba, amma tafiyarsa ba ta tashi a banza ba. Daga babbar tashar jirgin ƙasa kusan minti goma ne a ƙafa. Ya zaga tafkin Hofvijver ta titin Lange Vijverberg, inda mutum-mutumin Oldenbarnevelt yake zaune yana fuskantar ginin. Daga nan ake ganin tagogin ɗakin Trêveszaal, inda majalisar ministoci ta saba zama kowace Juma'a, da hasumiyar, da Mauritshuis a jere. A filin Buitenhof an kafa wata doguwar hasumiya ta wucin gadi da ake hawa kyauta a leƙa aikin daga sama, Gevangenpoort kuma yana nan kusa. Cibiyar ProDemos, wadda aikinta koya wa jama'a yadda mulki ke tafiya, tana zagayawa da baƙi. Bikin Satumba ya koma gidan wasan kwaikwayo na Koninklijke Schouwburg, dattawa suna wani tsohon gida a titin Lange Voorhout. Wakilai kuwa suna tsohon ginin ma'aikatar harkokin waje a jikin tashar jirgin, gini ne na siminti marar ɗaukar ido, kuma can na fi ba da shawarar a je. Benen 'yan kallo a buɗe yake ga ɗan ƙasa da baƙo, fasfo ko katin shaida ake nema a ƙofa. Ranar Talata da ƙarfe biyu na rana ake kiran ministoci su amsa tambayoyin gaggawa na mako. Da harshen ƙasar ake yi, don haka a nemi abokin tafiya mai jin yaren.